Wane Adireshi Na'ura Za Ta Iya Ɗauka? Sharhi Kan Lissafin Sabnet

Akwai wata ƙa'ida da kusan duk mai koyon haɗa netwok na kwamfuta yake ɗauka tun makon farko: adireshin da ya ƙare da 0 ba a ba na'ura shi, wanda ya ƙare da 255 ma haka, duk abin da ke tsakani kuwa ya halatta. Ƙa'idar tana aiki a gida da ƙaramin ofis, shi ya sa take daɗewa a kan mutum ba tare da ta ba shi kunya ba. Amma ba gaskiya ba ce. Adireshi kamar 192.168.10.63 yana iya zama wanda babu na'urar da aka yarda ta ɗauka, alhali 172.16.5.0 yana iya zama na firintar da ke aiki lafiya lau. Abin da ke yanke hukunci ba ya cikin adireshin kansa. Yana cikin lambar da ake rubutawa a gefensa, wato maski, wadda ɗalibai da yawa suke kwafewa kawai ba tare da sun tambayi aikinta ba.

Adireshin IPv4, wato samfuri na huɗu na lambar da ake gane na'ura da ita a netwok, kamar yadda aka tsara shi a takardar ƙa'idojin intanet mai suna RFC 791 ta shekarar 1981, lamba ɗaya ce mai bit 32, kowane bit ko sifiri ko ɗaya. Ɗigo ukun da suke raba shi kashi huɗu an sa su ne don idon mutum ya iya karantawa, kwamfuta ba ruwanta da su. A cikin bit 32 ɗin nan, na hagu suna faɗin wane netwok ne, na dama suna faɗin wace na'ura ce a cikinsa, kuma iyakar da ta raba su tana iya faɗowa ko'ina, har da tsakiyar kashi. Maski shi ne mai nuna wannan iyaka. Idan ka ga /26 a bayan adireshi, ana nufin bit 26 na farko na netwok ne, 6 da suka rage na na'urori. Idan aka rubuta shi da ɗigo, 255.255.255.192 ke nan. Kamar awon fili ne: tsayuwa a kan ƙasa ba ta gaya maka ko fuloti ka taka ko hanya, sai an buɗe taswirar mai awo.

A kowane sabnet, wato yankin netwok da maski ya shata wa iyaka, akwai adireshi biyu da aka keɓe. Idan duk bit na ɓangaren na'ura suka zama sifiri, wannan sunan sabnet ɗin ne kansa, shi rauta, na'urar da ke kai saƙo daga netwok zuwa netwok, take rubutawa a jadawalinta na hanyoyi. Idan duka suka zama ɗaya, wannan adireshin shela ne, saƙon da aka aika gare shi yana nufin kowa da ke cikin sabnet ɗin. Daga nan aka samo lissafin da kowa ya haddace: ka ninka 2 gwargwadon yawan bit na na'ura, ka cire biyu. Bit 6 suna ba da 2, 4, 8, 16, 32, 64, a cire biyu, saura 62. Keɓe na farkon yana da nasa tarihin. Tsarin Unix na jami'ar Berkeley, wata manhajar tafiyar da kwamfuta, samfurin 4.2BSD, da adireshin mai sifiri zalla yake yin shela, don haka ba wa wata na'ura wannan adireshi a wancan zamani neman rikici ne. Tsarin ya shuɗe, al'adar ta zauna.

Lura da yadda aka faɗi ƙa'idar. Ba a ce 0 da 255 ba, an ce sifiri zalla da ɗaya zalla a ɓangaren na'ura. Ƙa'idar hana 0 da 255 a halatta na tsakani tana yin daidai da wannan ne kawai idan iyakar ta faɗo a kan ɗigo na ƙarshe, wato a /24, wanda shi ne maskin da kusan kowace rautar gida take zuwa da shi daga kamfani. Wanda duk rayuwarsa /24 ya sani, dole ya ɗauka haka abin yake ko'ina.

Bari mu ɗauki 192.168.10.77/26 mu buɗe cikinsa. Kashi uku na farko sun cinye bit 24, saura biyu na netwok da za a ɗebo daga kashi na huɗu. Lamba 77 a lissafin sifiri da ɗaya ita ce 01001101. Biyun farko, 01, na netwok ne, ba a taɓa su. Shidan da suka rage, 001101, su ne na na'ura. Ka mai da su sifiri, ka sami 01000000, wato 64. Ka mai da su ɗaya, ka sami 01111111, wato 127. Ashe wannan na'ura tana zaune ne a sabnet 192.168.10.64, shelarsa 192.168.10.127, adireshin da za a iya rabawa kuwa daga .65 zuwa .126. A wannan tsari .63 shelar sabnet ɗin da ke gabansa ne, .128 kuma sunan wanda ke biye da shi. Babu ɗaya a cikinsu da ya yi kama da haramtacce a ido, kuma duka biyun haramtattu ne.

Ba wanda zai riƙa juya lambobi zuwa sifiri da ɗaya yana tsaye a kan tsani da waya a hannu. Akwai gajeriyar hanya, kuma ita ma'aikata suke bi. Ka nemo kashin maski da ba 255 ba ne kuma ba 0 ba, ka cire shi daga 256. Abin da ya rage shi ne taku. A misalinmu 256 a cire 192, taku 64 ke nan, sabnet-sabnet ɗin suna farawa a 0, 64, 128, 192. Ka duba tsakanin waɗanne biyu lambarka ta faɗa. Na ƙasa shi ne sunan sabnet, na sama a cire ɗaya shi ne shela, abin da ke tsakaninsu naka ne. Maskin /25 takunsa 128, na /27 takunsa 32, na /28 kuwa 16, /29 takwas, /30 huɗu. Ina ganin bai kamata a koya wa kowa wannan gajeriyar hanya ba sai ya yi doguwar da hannunsa har ta zauna masa, domin wanda ya fara da gajeriyar yakan iya amsa tambayar jarrabawar CCNA ta Cisco, kamfanin ƙera kayan netwok, amma da zarar iyakar ta bar kashi na huɗu sai ya tsaya cik.

A can ne kuwa aikin gaske yake. Ɗauki 172.16.45.200/20. Maskinsa 255.255.240.0, don haka kashi na uku ne wurin lissafi, taku 16: 0, 16, 32, 48. Lamba 45 ta faɗa tsakanin 32 da 48. Sunan sabnet 172.16.32.0, shelarsa 172.16.47.255, na'urori daga 172.16.32.1 har 172.16.47.254, guda 4,094. A cikin wannan zango akwai 172.16.40.0, akwai 172.16.33.255, kuma dukkansu adireshin na'ura ne cikakku, tunda bit 12 na ɓangaren na'ura ba su zama sifiri zalla ko ɗaya zalla ba. Sifiri ɗaya tak aka hana a nan, na farkon zangon, 255 ɗaya tak aka hana, na ƙarshensa. Gaskiya ne wasu tsofaffin na'urori da manhajoji sukan ƙi karɓar adireshi mai ƙarewa da 0 ko 255 ko da ya halatta, kuma saboda su wasu masu kula da netwok suke tsallake irin waɗannan wajen rabo. Wannan taka-tsantsan ne mai kyau, amma a san cewa aibin na'urar ne, ba hukuncin lissafi ba.

Kada a ɗauka wannan sai manyan kamfanoni. Ka ɗauki cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, irin waɗanda ake rubuta JAMB a cikinsu, mai kwamfuta 250 a zaure da wasu 25 na ko-ta-kwana, ga saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ga rauta, ga kyamarorin tsaro. Maskin /24 adireshi 254 kawai yake bayarwa, bai isa ba. Sai an matsar da iyakar bit ɗaya zuwa hagu, a koma /23, maski 255.255.254.0, mai ɗaukar na'ura 510. Idan aka fara daga 192.168.0.0, zangon zai tashi daga 192.168.0.1 ya dire a 192.168.1.254, kuma 192.168.0.255 da 192.168.1.0 suna tsakiyarsa, kujeru ne kamar kowace kujera. Tarkon yana wani wuri dabam. Mai haɗa netwok ɗin ya saba da 192.168.1.0, sai ya ce bari ya faɗaɗa shi ya haɗa 1 da 2. Ba zai yiwu ba. Takun /23 a kashi na uku biyu ne, don haka sabnet yana farawa ne a 0, 2, 4, 6. Lamba 1 abokiyar zaman 0 ce, 2 abokiyar zaman 3. Kwamfutar da aka ba 192.168.1.50 da wadda aka ba 192.168.2.50, ko da maskinsu ɗaya, ko da wayoyinsu a suwic ɗaya suke, wato akwatin da ke haɗa wayoyin na'urori, kowace tana ganin 'yar'uwarta a matsayin baƙuwa daga wani netwok.

Wannan ita ce ƙa'idar da na fi so ta zauna wa mai koyo fiye da cire biyu: sabnet ba ya farawa inda ka ga dama. Dole ya fara a lambar da takunsa yake raba ta ba saura. Wanda ya riƙe wannan, rabin kurakuran da ake yi sun wuce shi.

Abin da ya sa kuskuren maski yake da wahalar kamawa shi ne ba ya kashe netwok gaba ɗaya, rabi-rabi yake lalata shi. Kafin kwamfuta ta aika saƙo, takan auna adireshin wanda za ta aika wa da maskinta. Idan ta ga sabnet ɗinsu ɗaya, sai ta neme shi kai tsaye a kan waya. Idan ta ga na waje ne, sai ta miƙa wa rauta, wato ƙofar fita. To ka ce kwamfutar tana 192.168.10.77/26, firinta kuma an sa mata 192.168.10.130 da maskin /24 saboda wanda ya saita ta bai canza abin da ya tarar ba. Firinta tana ganin kwamfutar maƙwabciyarta ce, kwamfutar tana ganin firinta a wani gari take. Intanet yana aiki, wasiƙu suna shiga, takarda ce kawai ta ƙi fitowa, ko ta fito yau ta ƙi gobe gwargwadon yadda rautar take. Sai a canza waya, a zargi suwic, a kashe a kunna, har a kira mai gyaran firinta. Haka nan idan aka ba wannan kwamfuta 192.168.10.1 a matsayin ƙofar fita don an saba ganin .1: a /26 ɗinta, .1 ba ya cikin zangon .65 zuwa .126, ƙofar tana bayan katangar da ake son a tsallake. Duk lokacin da na'urori biyu suke ganin intanet amma ba sa ganin juna, maski ne farkon abin dubawa.

Sai batun zaɓen girma. Wanda yake da kwamfuta 30 yakan duba jadawali ya ga /27 tana ba da 30, ya ce ta yi daidai. Ya manta rauta ma na'ura ce, tana cin adireshi ɗaya a kowane sabnet da take tsaron ƙofarsa. Talatin da ɗaya ke nan, /27 ta gaza, sai /26. Kuma kowace yanka tana da kuɗinta. /24 guda tana ba da 254. Ka raba ta huɗu, kowace 62, jimla 248. Ka yanka ta zuwa /30 guda 64, abin da zai rage maka 128, rabi ya tafi wajen suna da shela.

Idan buƙatun ba girmansu ɗaya ba, ana yanka kowane gwargwadonsa, kuma daga babba ake farawa. A ce makaranta tana da 192.168.20.0/24, ɗakin kwamfuta yana son 100, ofisoshi 50, kyamarori 20, sai wayar da ta haɗa rauta biyu. Ɗakin kwamfuta ya ɗauki /25, daga .0 zuwa .127. Ofisoshi /26, daga .128 zuwa .191. Kyamarori /27, daga .192 zuwa .223. Wayar rautoci /30, daga .224 zuwa .227, inda .225 da .226 ne kawai ake sa wa. Daga .228 zuwa sama yana nan ajiye. Da an fara da ƙaramin, an ba shi .0 zuwa .3, babban ba zai iya farawa a .4 ba, sai ya yi tsalle zuwa .128, sauran su cusa kansu a ratar da aka bari. Za su shiga, amma lissafin ya fi rikitarwa, kuma a nan ne sabnet biyu suke hawa kan juna ba a sani ba.

Irin wannan yanka ba ta kasance tun farko ba. A tsarin asali adireshi aji-aji ne: ajin C mai na'ura 254, ajin B mai 65,534, ajin A mai sama da miliyan 16. Jami'ar da take buƙatar 2,000 ajin C ya yi mata kaɗan, sai a ba ta ajin B ta bar dubbai a kwance. An shigo da sabnet a 1985 ta RFC 950, sannan a 1993 aka zo da tsarin CIDR, wanda ya soke ajin gaba ɗaya ya kawo rubutun /20 da /26 da muke yi yanzu. Abin takaici ne har yau a wasu azuzuwa ana koyar da aji A, B, C kamar su ne doka mai ci, ɗalibi ya fita yana ɗauka duk abin da ya fara da 192 dole /24 ne. Wani ragowar wancan zamani shi ne cire biyu daga yawan sabnet-sabnet su kansu, wato a bar na farko da na ƙarshe. RFC 950 ta ba da wannan shawara, amma an daɗe da barinta, kuma tun samfurin 12.0 na manhajarsu mai suna IOS rautocin Cisco suke karɓar sabnet na farko ba tare da an ba su umarni ba. Duk littafin da ya ce /24 da aka raba da /26 sabnet biyu take bayarwa maimakon huɗu, tsohon littafi ne.

Shi kansa cire biyun na na'urori yana da inda ba ya aiki. A wayar da ta haɗa rauta biyu kaɗai, shela ba ta da amfani, tunda duk abin da ɗaya ta faɗa ɗayar ce kawai mai ji. Saboda haka RFC 3021 ta shekarar 2000 ta yarda a yi amfani da /31 a irin wannan waya: adireshi biyu, duka na na'ura, ba a cire komai. Kamfanin da yake da ɗaruruwan irin waɗannan wayoyi ya ceci rabin abin da /30 take ci. /32 kuma adireshi ɗaya ne tak, na na'ura guda. A ɗaya gefen, masu ba da hayar saba ta intanet suna cire fiye da biyu. AWS na kamfanin Amazon yana riƙe biyar a kowane sabnet, huɗun farko da na ƙarshe, ɗaya na rautarsa, ɗaya na sabar da ke juya sunaye zuwa adireshi, ɗaya ajiya don gaba. A can /24 tana ba da 251, /28 kuma 11 maimakon 14. Azure na Microsoft ma biyar yake riƙewa. Wanda ya tsara da lissafin cire biyu ya zo nan, zai ga adireshi sun ƙare masa kafin lokacin da ya zata.

Akwai kuma adireshin da lissafi ya wanke amma aiki bai wanke ba. Wanda ke cikin zangon da DHCP, hidimar da ke ba na'urori adireshi, take rabawa da kanta, idan ka sa wa firinta shi da hannu, wata rana za a ba wayar wani baƙo shi, su yi karo. Duk abin da ya fara da 127 na'ura da kanta take magana. Idan kwamfuta ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, ba ta sami mai ba ta ba ne, ta ƙirƙiro wa kanta. Zangunan da RFC 1918 ta 1996 ta ware don amfanin cikin gida uku ne: 10.0.0.0/8, 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16. Na tsakiyar shi ne mai kayar da mutane. Takun /12 a kashi na biyu 16 ne, don haka ya tsaya a 172.31.255.255. Wanda ya sa wa ofishinsa 172.32.0.0 ya shiga adireshin jama'a, wato na intanet, mai mai shi, kuma ranar da wani a ofishin ya nemi isa ga ainihin mai adireshin a intanet, saƙon ba zai bar ginin ba.

A cikin gida ana iya yin sakaci, tunda 10.0.0.0/8 kaɗai ya fi miliyan 16. A adireshin jama'a babu wannan sarari. Dukkan IPv4 kusan biliyan 4.3 ne, kuma a ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA, mai kula da rabon adireshi a duniya, ta raba manyan zanguna biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar na duniya. Ta Afirka, AFRINIC, mai hedikwata a Moris, ita ce kamfanonin intanet na Najeriya da Nijar da Gana suke nema a wurinta, kuma tun Janairun 2020 mafi yawan abin da take bayarwa a buƙata ɗaya /22 ne, adireshi 1,024. Shi ya sa idan ofis ya nemi adireshin jama'a daga kamfanin intanet ɗinsa, yawanci /29 ko /30 za a ba shi, kuma da kuɗi. A takarda /29 takwas ne. Suna da shela sun ci biyu, ƙofar fita ta kamfanin ta ci ɗaya, biyar suka rage a hannu. Manajan da ya sayi takwas yana shirin ɗora saba bakwai, gara a gaya masa wannan kafin ya sa hannu.

Manhajojin lissafin sabnet suna nan kyauta, kuma ban ga laifin duba aiki da su ba. Sai dai manhaja amsar abin da ka tambaye ta kawai take bayarwa. Ba za ta lura cewa ƙofar fitar da ke kan allon tana wajen zango ba, sai idon da ya san takun 64 ya gani.

A IPv6, sabon samfurin da aka tsara don ya gaji IPv4, yawancin wannan tsimi ya faɗi. Adireshin bit 128 ne, sabnet na yau da kullum /64 ne, mai ɗaukar na'urori fiye da biliyan 18 sau biliyan, kuma babu adireshin shela kwata-kwata, an maye gurbinsa da saƙon rukuni. Ba wanda yake ƙirga ko talatin za su shiga. Wayar rauta biyu ana ba ta /127, bisa RFC 6164 ta 2011, irin dabarar /31. Lissafin ya tashi daga ƙirga na'urori ya koma ƙirga sabnet: ofishin da aka ba /56 yana da /64 guda 256, wanda aka ba /48 yana da 65,536, kuma kowane zango har yanzu dole ya fara a inda takunsa ya faɗi.